Ƙaunar Jini a Gaban Alƙali

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so mu ɗan tattauna a kan wani abu wanda kowa ya ke da shi, amma ba kowa ya taɓa zama ya auna shi ba. Abin kuwa shi ne ƙaunar nan da Allah ya dasa tsakanin mahaifi da abin da ya haifa, da tsakanin wa da ƙane. Ba a koyar da ita a aji, ba a kuma sayen ta a kasuwa. Ra'ayina shi ne shari'a ta san wannan ƙauna fiye da yadda muka san ta. A wani wuri ta dogara da ita, a wani wuri kuma ta sa mata takunkumi. Mu kuwa mun juya al'amarin. Inda aka ce mu bi ƙauna mun ƙi, inda aka ce mu yi hattara da ita mun sake mata linzami.

Bari mu fara da harshenmu. Bahaushe yana da so, yana da ƙauna, yana da tausayi, yana da zumunci, amma ba shi da kalma guda wadda ya keɓe wa ƙaunar mahaifi da ɗansa ita kaɗai. Mutanen Girka na dā suna da ita, suna ce mata storge, sun kuwa raba ta da son abota da son namiji da mace. Wani marubucin Ingila, C. S. Lewis, ya yi littafi a 1960 a kan ire-iren so guda huɗu, ya sa ta a cikinsu. Larabawa kuma sun ɗauko rahama da sunan mahaifa daga tushe ɗaya, shi ya sa abin da mu ke ce wa sada zumunci su ke kiransa sadar da mahaifa. To, amma duba inda Hausa ta yi arziki. Muna da mowa da bora, muna da ɗan lele, muna da agola, muna da 'yan ɗaki da 'yan uba. Kai, har idan mutane biyu suna gasa da ƙyashi sai mu ce suna 'yan ubanci, alhali kuwa ɗan uba ɗan'uwa ne na jini. Harshe ba ya ƙaga suna sai ga abin da ya ke gani kullum. Ke nan kakanninmu sun daɗe da lura cewa ƙaunar gida ba ta sauka daidai wa daida kamar ruwan damina. Wata gonar ta kan sha, wata ta bushe, ga su kuwa iyaka ɗaya.

Daɗin daɗawa, al'adarmu ta koya wa iyaye su ɓoye ta. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, uba ba ya wasa da shi a gaban mutane. Duk wanda ya ke makarantar kwana ya san wannan ranar ziyara: za ka ga dattijo ya sha tafiya, ya zo, ya tsaya can gefe, ya tambayi lafiyar kowa, sa'an nan ya miƙa wa wani yaro ƙullin kuɗi ya ce a ba "yaron nan". Baƙon da bai san kunya ba sai ya ce ba a son yaron. Mu kuwa mun san kuɗin nan wataƙila akuya aka sayar. Na kawo wannan ne don a gane ƙauna ba abu ba ce da alƙali zai iya gani da ido ko ya ɗora a sikeli. Dole ya nemi wata hanya.

Cewa abin halitta ne, wannan ba ya bukatar dogon bayani ga mutumin Wudil. Je ka kara ranar Juma'a ka tsaya kusa da saniyar da aka raba da maraƙinta, ka ji kukanta. Matan Fulani ma sun san sai an bar maraƙi ya fara tsotsa kafin nono ya sauko a tatsa. Ba wanda ya karanta wa saniya doka.

To, yaya shari'a ta yi da wannan abu? Kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kano mazhabar Malikiyya su ke bi, kuma ƙaramin littafin da almajiran ilmi su ke karantawa a zaure, watau Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya ishe mu misali. A maganar renon yaro bayan aure ya mutu, Malikiyya ta ba uwa. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai reno ya koma ga kaka ta wajen uwa, bayanta sai 'yar'uwar uwa. Uba kuwa ci da sha da tufafi suna wuyansa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Sayyadina Umar da ɗansa Asim. Umar ya rabu da uwar yaron, ran nan ya gan shi yana wasa a Ƙuba ya ɗauke shi, kakar yaron ta biyo shi, suka kai ƙara gaban Sayyadina Abubakar, shi kuwa ya ce a bar mata yaron. Umar, duk da ƙarfin halinsa, bai yi musu ba. Dalilin wannan hukunci a fili ya ke: an duba inda tausayi ya fi yawa, an ajiye yaro a nan.

Yanzu kowa ya tambayi kansa, haka mu ke yi? A garuruwanmu da ƙauyukanmu, da an yaye yaro sai a aika a karɓo shi, wai ɗa na uba ne. A kai shi hannun kishiyar uwarsa, wadda ita ma tana fama da nata. Ba na cewa kowace matar uba muguwa ce, akwai waɗanda suka riƙe 'ya'yan miji riƙon da ko uwa sai haka. Amma yaro ɗan shekara 2 ko 3 bai yi laifin komai ba a cikin faɗan iyayensa, kuma sau da yawa ba don amfaninsa a ke karɓo shi ba, don a ƙuntata wa uwar ne, ko don a huta da aika kuɗin abinci. Matan da yawa ba su san suna da haƙƙi ba, waɗanda suka sani kuma kunya ta kan hana su zuwa gaban alƙali, kada a ce sun cika son 'ya'ya. Kun ga kunyar da aka ƙaga don ado ta zama igiya.

Sai kuma inda shari'a ta ɗaure fuska. A Malikiyya ba a karɓar shaidar uba don amfanin ɗansa, ko ta ɗa don amfanin iyayensa, haka miji da mata. Ko da uban nan limami ne, ko da gari duka ya san bai taɓa ƙarya ba. Ba a ce maƙaryaci ne ba. An dai san mai ɗa wawa ne, so kuma hana ganin laifi. Abin sha'awa, an yarda ɗan'uwa adali ya yi wa ɗan'uwansa shaida. Watau malaman nan sun zauna sun auna, sun ga ƙaunar wa da ƙane mutumin kirki zai iya rinjayar ta, amma ta uba da ɗa kada ma a jarraba shi. Lalle waɗannan mutane sun san zuciyar ɗan Adam.

Maganar kyauta ita ce ta fi shafar mu a nan Wudil, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a garin nan a 2001, wadda yanzu ta ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga kuma makarantar horon hafsoshin 'yan sanda, ga babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, gonar da dā a ke shuka mata gero yau fili ce ta gina gidan haya. Da ƙasa ta yi daraja sai rigimar gado ta yi kauri. Yadda abin ya kan faru kusan iri ɗaya ne. Dattijo yana da mata biyu, yana son ɗaya fiye da ɗaya. Ya kira ɗan mowa a ɗaki ya ce ya ba shi gonar bakin hanya. Ba takarda, ba shaidu sai uwar yaron. Dattijo ya ci gaba da noman gonarsa har Allah ya karɓi ransa. Kafin a yi sadakar arba'in 'yan uba sun daina gaisawa.

Me shari'a ta ce? Na farko, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe a hannunsa. In mai kyauta ya mutu abin yana hannunsa, to, ya koma gado, a raba da kowa. An sassauta wa ƙaramin yaro, domin ubansa yana iya riƙe masa, amma da sharaɗin a kafa shaidu. Na biyu, kyautar da aka yi a cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya gare ta, wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, ba a kuma yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. Na uku, an karhanta mutum ya kwashe dukiyarsa duka ya ba wasu 'ya'yansa ya bar wasu, ko da ya ke an yarda ya ba wani ɗan abu. Tushen wannan shi ne labarin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda ubansa ya yi masa kyauta, ya je ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida. Da aka tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irin wannan, ya ce a'a, sai Annabi ya ƙi shaidar, Bashir kuma ya janye kyautarsa. Akwai ma wani hukunci mai ban mamaki: uba yana iya karɓe kyautar da ya yi wa ɗansa, muddin ɗan bai yi aure ko ya ci bashi saboda ita ba, bai kuma sauya ta ba. A ganina hikimar ita ce an bar wa uba ƙofar gyara, in ya farga ƙauna ta sa ya zarme.

Turawan Ingila, waɗanda muka gaji rabin dokokinmu daga gare su, sun bi wata hanya dabam. Har yau in lauya zai rubuta takardar kyautar gida ko fili daga uba zuwa ɗa, ya kan sa wata jimla mai ma'anar cewa an yi kyautar saboda so da ƙauna ta halitta. Amma a dokarsu ƙauna ba ta isa ta ɗaure alkawarin baka ba. Sai kowane ɓangare ya ba da wani abu mai ƙima a madadin abin da aka yi masa alkawari. A 1853 an yi wata shari'a a can, ta White da Bluett. Wani ɗa ya ci bashin ubansa, uban ya mutu, aka zo neman kuɗin. Ɗan ya ce ai uban ya yafe masa, bisa sharaɗin ya daina damun sa da ƙorafin cewa an fifita 'yan'uwansa a rabon dukiya. Alƙalai suka ce sai ya biya, domin tun asali ba shi da ikon yin ƙorafi, uba yana da damar raba dukiyarsa yadda ya ga dama, saboda haka barin ƙorafin ba wani abu ba ne da ya bayar. Ku aza wannan kusa da labarin Nu'umanu. Can an ce wa ɗa ya rufe bakinsa, nan kuwa uban aka ce ya koma ya gyara. Ƙasar Indiya ta tsaya a tsakiya: dokarta ta 1872 ta yarda da alkawarin da aka yi don ƙauna tsakanin dangi na kusa, amma sai an rubuta an kuma yi rajista.

Waɗannan hanyoyi biyu sun taɓa yin karo a ƙasarmu. A 1971 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Adesubokan da Yinusa, wadda ta taso daga Zariya. Wani Musulmi ya bar wasiyya irin ta Turawa wadda ta saɓa wa rabon Malikiyya, ɗansa ya kai ƙara, Kotun Ƙoli kuwa ta ce wasiyyar ta zauna, saboda dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ta ba shi dama. Daga baya wasu jihohi suka gyara dokokinsu don kada a maimaita haka.

Na san akwai mai cewa, wai kai yaro, kana so ka mai da gida kotu ne? Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wannan magana tana da nauyi, kuma manyan masana sun riƙe ta. A ƙasar Sin, wani basarake ya taɓa yi wa Konfushiyas alfahari cewa a garinsu akwai mai gaskiyar da ubansa ya saci tunkiya ya tona shi. Konfushiyas, wanda ya rasu shekara 479 kafin haihuwar Annabi Isa, bai yaba ba. A wurinsa uba ya rufa wa ɗa asiri, ɗa ya rufa wa uba, nan gaskiya ta ke, domin duk kyawawan halaye daga gida su ke tsirowa, in ka tumɓuke saiwar ba abin da zai rage. Wani masanin nasu, Mozi, ya yi jayayya da almajiran Konfushiyas, ya ce fifita naka a kan na wani shi ne tushen sata da yaƙi, a so kowa daidai. Filato na Girka ma ya rubuta labarin wani mutum da ya tafi kai ƙarar ubansa saboda mutuwar wani ɗan ƙodago, Sokiratis ya tare shi da tambayoyi har ya rasa ta cewa.

Ni dai ban gamsu da Mozi ba. Wanda ya ce yana son ɗan kowa daidai da nasa, ina tsoron ba ya son ko ɗaya. Amma Konfushiyas ya manta da mutum guda a labarin nan, shi ne mai tunkiya. Shi ma yana da 'ya'ya, su ma da ita za su ci abinci. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya umurci muminai su tsaya kan shaidar gaskiya ko da a kan kansu ce, ko iyayensu, ko danginsu. Haɗa wannan da hukuncin da na ambata ɗazu sai ka ga tsari: ba a karɓar shaidarka don ka taimaki ɗanka, amma ana karɓar ta in a kansa ce. Ba a hana ka son sa ba. An hana ka biyan kuɗin son da aljihun wani. Mu ɗalibai ma ba mu tsira ba. Duk wanda aka ba shugabanci a makarantar kwana ya san ranar da zai kama masu latti a ƙofar ɗakin cin abinci ya tarar ƙanensa yana cikinsu, ido arba'in kuma suna kallon abin da zai yi.

Saura mutum ɗaya wanda na fi tausaya wa a duk wannan magana, shi ne ɗan riƙo. Mu Hausawa mutanen riƙo ne. Gwaggo ta ɗauki ɗan wanta, kaka ta ɗauki jika, wadda ba ta haihu ba a ba ta. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Kano wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙo, ta kuma ba da labarin yadda 'ya'ya su ke yawo tsakanin gidajen dangi. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, yana ganin amfanin nasaba duk yana cikin cuɗanya da shaƙuwar da ta ke haifarwa, shi ya sa maƙwabtaka da zaman tare su kan ɗaure mutane kamar jini. Wanda ya ga tsohuwa tana kukan rabuwa da 'yar riƙonta ranar kai amarya ba zai yi masa musu ba. Shari'a ma ta girmama nono har ta haramta aure tsakanin waɗanda suka sha tare.

Amma riƙo ba ya sa gado, shayarwa ma haka. An hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kamar yadda ya faru ga Zaidu ɗan Harisa, kuma dalilin mai kyau ne, don kada nasaba ta rikice. Sai dai ga abin da ya ke biyo baya. Yaro ya taso a gidan mijin gwaggonsa tun yana rarrafe. Shi ne noma, shi ne kai shanu kara, shi ne jinya a asibiti. Ranar da tsohon ya mutu, sai ga 'yan'uwansa da suka shekara goma ba su taka gidan ba sun zo da malamin rabo, yaron kuwa ko fartanya ba tasa ba ce. A nan mutane su kan yi ta zargin shari'a, alhali ta buɗe ƙofa biyu. Tun da ɗan riƙo ba magaji ba ne, ana iya yi masa wasiyya har zuwa sulusin dukiya, ba mai ikon hanawa. In dukiyar ta kai naira 900,000 bayan an biya bashi, ana iya bar masa 300,000. Ana kuma iya yi masa kyauta tun ana da rai da lafiya. Abin da ya ke hana iyayenmu shi ne kunyar ambaton mutuwa, da kuma cewa ai kowa ya san yadda na ke son yaron nan. Alƙali kuwa, kamar yadda na faɗa, ba shi da sikelin auna wannan.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, da ladabi, in akwai wanda ku ke nufi da alheri, a kira shaidu biyu adalai waɗanda ba 'ya'yan gidan ba, a sanar da mai unguwa ko dagaci, a rubuta, a faɗa wa sauran 'ya'ya a fili. In gona ce ko fili, Dokar Filaye ta 1978 ta sa sai an nemi amincewar hukuma kafin a sauya mai shi, don haka a bi ta ƙaramar hukuma ko ofishin filaye a gyara takarda. Sa'an nan a cire hannu daga gonar, a bar shi ya share ta, ya shuka, ya girbe da kansa tun daminar bana, maƙwabtan gona suna gani.